Jawabi kan ƙara wa motar ƙungiya fitilu

Hazo ya sauko, direbanmu yana son a ƙara wa motar ƙungiya fitilu. Yana da gaskiya, amma mu yi lissafi.

Batirin mota bolt 12 ne. Ƙwan fitila biyu masu wat 55 suna jan ampar 9. In aka sa masu wat 100, ampar 17 ke nan, fitilun hazo biyu su ƙara 9. Jaki ɗaya, kayan jaki uku! Siririyar waya za ta yi zafi, mota tana iya kama wuta da mutanenmu ciki.

Shawarata, a bar masu 55. A ɗaura fitilun hazo ƙasa-ƙasa, da waya mai kauri, da rele, da fizibil nasu.

Allah ya kiyaye hanya.