Abin da Muka Gani a Roma da Koranti



A hutun bana ni da uwargida mun ziyarci Roma da Koranti. A Roma mun ga Kolosiyum, babban filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80. Yau kango ne. Muka kuma sauka kaburburan ƙarƙashin ƙasa inda masu bi na farko suka binne 'yan'uwansu. Sarki Nero ya tsananta musu a shekara ta 64, ba su sami cikakken 'yancin sujada ba sai 313.

A Koranti uwargida ta tambaye ni, "Maigida, ina majami'ar Bulus?" Na ce ai bai gina ba. Wata 18 ya yi a garin, yana ɗinkin alfarwa tare da Akila da matarsa Bilkisu. Daga baya ikkilisiya ta riƙa taruwa a gidan ma'auratan nan.

Dattawa, na san zafin rashin filin gini. Mu ci gaba da nema, amma kada mu karai. Kafin filin ya samu, wa zai buɗe gidansa? Ubangiji ya taimake mu. Amin.