Tire a Hannu: Yadda Ɗalibin Aikin Otal Ke Koyo

 

Na taɓa koyar da wata yarinya wadda ba ta san faɗuwa jarrabawa ba. Ta haddace inda wuƙa ke zama a tebur da inda ake aje cokali mai yatsu, ta san dafaffen abinci ana riƙe shi sama da digiri 60 ko a sa shi firji ƙasa da digiri 5. Ranar da na je duba ta a otal ɗin da aka tura ta sanin makamar aiki, wani baƙo ya ture farantin shinkafarsa ya ce ta huce. Ina kallo tiren ya soma rawa a hannunta, ta tsaya ƙiƙam, bakinta ya mutu. Laifin namu ne. Shekara biyu tana kan benci muna zuba mata karatu, ba mu taɓa tsayar da ita gaban mutum mai fushi ba.

Waɗanda suka assasa wannan fanni ba haka suka fara ba. Lokacin da Jacques Tschumi ya buɗe makarantar aikin otal ta Lozan a Suwizalan a 1893, cikin otal aka zauna darasin farko. Jami'ar Cornell ta Amurka, wadda ta soma nata karatun a 1922, tana da otal a harabarta inda ɗalibai ke karɓar baƙi na gaske. A nan gida ma, da wannan niyya hukumar ITF ta kafa SIWES, shirin tura ɗalibai sanin makamar aiki, a 1973.

To, sai batun da aka fi tambayata: shin kowane ɗalibi ba shi da tasa hanyar koyo? A 1987 Neil Fleming, wani malami a Niyu Zilan, ya kasa masu koyo gida huɗu: mai gane abu da ido, mai kama shi da kunne, mai son karatu da rubutu, da wanda sai ya taɓa. Rabon ya shiga ran malamai, ni ma ya shiga nawa, domin mun san ɗalibanmu masu ƙaiƙayin hannu ne, zaman aji na gundurar su. Amma a 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka tace binciken da aka yi a kai, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyar da mutum ta hanyar da ya fi so na ƙara masa fahimta ba. Ni a ganina darasin ne ke zaɓar hanyarsa. Gyaran gadon baƙo da hannu ake koyonsa, ko ɗalibi na son littafi ko ba ya so. Lissafin abin da farantin abinci ya ci, daga kuɗin nama zuwa gas, sai an zauna da biro, har wanda ya rantse shi ɗan kicin ne.

Abin da ke da hujja shi ne sa ɗalibi aiki a cikin darasi. A 2014 Scott Freeman da tawagarsa suka haɗa bincike 225 daga azuzuwan kimiyya, injiniyanci da lissafi. Inda malami kaɗai ke magana, kusan kashi 34 cikin ɗari sun faɗi. Inda ɗalibai ke warware matsala da kansu, kusan kashi 22 ne. In haka ta faru a ajin lissafi, ina ga fannin da jarinsa shimfiɗar fuska ce?

Sai dai ina da ƙorafi kan yadda muke fahimtar aikin hannun. David Kolb, a littafinsa na 1984, ya nuna koyo zagaye ne: ka aikata, ka waiwayi abin da ya faru, ka ciro ƙa'ida, ka sake gwadawa. Mu a matakin farko muke tsayawa. Yaro ya shafe watanni yana wanke tukwane da yanka albasa, ya cike littafin rahotonsa a daren da zai miƙa shi, mu sa hannu mu ce ya koya. Ya dai gaji. Wanda ba a taɓa tambayarsa dalilin da ya sa abincin tebur na shida ya makara ba, zai iya zama ƙwararren mai sabis, amma da wuya ya riƙe otal a matsayin manaja.

Tun bayan abin da ya sami yarinyar nan na sauya tsarina. Duk ranar da muka shiga kicin, bayan an kashe wuta an goge tebura, sai mu zauna minti ashirin kafin kowa ya cire kayan aiki. Ina tambayar kuku na ranar me ya ƙone kuma a wane lokaci ya lura. Wani ɗalibi ya zama baƙon da aka ba ɗakinsa ga wani, wata ta tsaya a teburin karɓar baƙi ta lallashe shi, sauran su faɗi inda ta yi daidai da inda ta kuskure, sannan ta maimaita nan take.

Ku kuma masu otal, ina roƙonku: in mun turo muku 'ya'yan nan, ku zagaya da su daga kicin zuwa ɗakuna zuwa sito, kuma manaja ya ware musu ko da rabin awa a mako ya buɗe musu littafin ciniki.