Akwatin gargaɗin gobara: bayanin da aka yi wa masu gadi da masu shara

Jami'ar ba da kariya ta ce mu yi muku bayani da Hausa a kan akwatin da aka kafa a bangon ofishin rajista, domin rubutun jikinsa duk Faransanci ne, kuma da dare ku kaɗai ne a wurin.

Akwatin nan ba ya kashe gobara, ba ya kiran kowa. Aikinsa ya nuna inda hayaƙi yake. Fararen abubuwan nan masu kama da ƙaramin kwano da ke manne a silin su ne ke jin hayaƙi, su aika masa, shi kuma ya tayar da jiniya. Koriyar fitila na nufin yana samun lantarki. Rawaya, inda aka rubuta Dérangement, matsala ce a jikin na'urar, kamar waya ta tsinke ko batir ya yi sanyi. Wannan ku rubuta lokacin, ku sanar da ofis da safe.

Ja ita ce Feu, wato gobara. Idan ta kama, ku dubi lambar da ke kusa da ita, ku duba takardar da muka manna a gefe. Lamba 2, misali, ɗakin ajiyar takardu ne, inda bayanan iyalanku suke. Mutum ɗaya ya je ya duba, ɗaya ya fitar da mutane zuwa filin taro, a fara da yara da tsofaffi da masu nakasa. Kafin a buɗe ƙofa a taɓa ta da bayan hannu. In da zafi, a bar ta a rufe.

Ga inda muke roƙonku. Mun san ƙarar tana da ban haushi, kuma mun san ƙurar hunturu, da maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta, suna tayar da ita ba gaira ba dalili. Duk da haka kada hannu ya yi saurin zuwa maɓalli. Wanda aka rubuta Arrêt signal sonore ƙarar akwatin kawai yake tsayarwa, wuta in akwai tana nan tana ci. Shi kuwa Réarmement goge lambar yake yi. Wanda ya danna shi kafin a duba ya ɓatar da sawun wurin, sai a yi ta neman ɗaki cikin duhu. Ba a taɓa shi sai an je an gani da ido.

Kada kuma a ɗaure na silin da leda don a huta. Wanda ya ga wuta kafin jiniya ta tashi, ya danna jan ƙaramin akwatin da ke bakin ƙofa, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Ranar Laraba bayan la'asar za mu gwada jiniyar. Ku gaya wa mata da yara tun yanzu, domin akwai waɗanda irin wannan ƙara ke tuna musu abin da suka baro.