Darasin Kiwon Lafiya a Makarantun Sakandare: Ƙa'idojinsa da Abin da Yake Bukata



A cikin darussan makarantar sakandare da wuya a sami wanda aka raina kamar darasin kiwon lafiya. Sau da yawa shi ake turawa ƙarshen yini, bayan rana ta take, yunwa ta kama yara. In kuwa za a yi sharar makaranta ko taron malamai, lokacinsa ake ci. Alhali kuwa ɗalibin da ya faɗi lissafi yana iya sake zama baɗi, amma yarinyar da ta bar makaranta ba ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari ba, ranar da gudawa ta kama ɗanta cikin dare babu mai ba ta damar sake zama.

Darasin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin En'e ana koyar da tsafta a makarantun elementare, kuma a shekarar 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsafta a Kano, inda ake horar da duba-gari. Dattawa suna tuna yadda duba-gari kan shiga gida ya leƙa randa da salga, in ya ga tsutsotsin sauro a ruwa sai tara ta hau maigida. Aikin ya yi amfani, amma ya bar gado guda maras kyau, watau mutane suka ɗauki tsafta a kan abin da ake yi don tsoron hukuma. Wannan gado ne ya bi yara har makaranta, inda ake jera su da safe ana duba farce da haƙora da bulala a hannu. Daga baya Manufar Ilmi ta Ƙasa ta fito a 1977, aka shiga tsarin shekara uku-uku na sakandare a 1982, aka amince da manhajar ilmin zaman iyali da cutar ƙanjamau a 2003, sa'an nan aka fitar da Manufar Kiwon Lafiya a Makarantu a 2006. Takardu dai ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne abin da ke faruwa bayan malami ya shiga aji.

Akwai ƙa'idojin da kowane darasi ya gada: zuwa a kan lokaci, riƙe littafin rubutu, kawo aikin gida ranar da aka ajiye. Waɗannan ba sa bukatar dogon bayani.

Ƙa'idar da ta keɓanta da wannan darasi, wadda kuma sauran suka dogara a kanta, ita ce ba a yi wa mai tambaya dariya. Dalili kuwa, darasin yana magana ne a kan jikin ɗalibi, a shekarun da jikin yake sauyawa, ga shi kuma Bahaushe ya tashi cikin kunya. Yaron da ya tambayi dalilin fashewar muryarsa, aji ya bushe da dariya, ba zai sake ɗaga hannu ba har ya gama makaranta. Tambayar kuwa ba za ta mutu ba. Zai kai ta wurin tsaransa, ko wurin mai tallar magani a tasha, ko wayar hannu. Saboda haka ya kamata a ajiye akwati a bayan aji, kowa ya jefa tambayarsa a rubuce ba tare da suna ba, malami ya karanta ya amsa a mako mai zuwa. Inda makaranta ta haɗa maza da mata, babu laifi a raba su a darussan balaga, malama ta ɗauki 'yan mata, muddin ba a rage wa wani ɓangare abin da aka koya wa ɗayan ba.

A nan ne maganar harshe take shigowa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Malamai da yawa sukan ce Hausa ba ta da kalmomin da za a yi wannan bayani da su ba tare da batsa ba, don haka sai su fake da Ingilishi. Wannan zato kuskure ne. Hausa tana da hawa uku a wannan fage. Akwai kalmomin gatsal, waɗanda ba su da wuri a aji. Akwai na sakaya, irin su gaba, da kewaye, da juna biyu, da fashin salla. Akwai kuma na ilmi da aka aro daga Larabci tun ƙarnoni, irin su balaga, da haila, da janaba, da maniyyi, da al'aura. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya karanta Ahalari ya ji ana fassara babin tsarki da na haila ɓaro-ɓaro, yaro da babba suna saurare, ba wanda ya ce an yi rashin kunya. To, abin da malamin zaure ya iya faɗa da Hausa, me zai hana malamin boko? Illar fakewa da Ingilishi ita ce ɗalibi yakan haddace kalma, ya zana hoto, ya ci jarrabawa, bai taɓa gane cewa jikinsa ake nufi ba. Ko da dokar makaranta ta ce a koyar da Ingilishi, wajibi ne malami ya haɗa kowace kalma da takwararta ta gida, ya kuma shaida wa aji tun ranar farko kalmomin da za a yi amfani da su.

Sunayen cututtuka ma suna ɗauke da nasu bayanin, wanda yaro ya sha tun yana goye. Alal misali, kalmar shan inna tana nuna cewa wata aljana ce, Inna, ta shanye ƙafar yaro. Kalmar sanyi kuwa ta zama buhu, ana zuba mata ciwon gaɓoɓi, da mura, da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, waɗanda ba abin da ya haɗa su da iskar hunturu. Malamin da ya rubuta sunan ƙwayar cuta a allo bai taɓo wannan bayani na gida ba, ya bar ɗalibi da bayani biyu, ɗaya na jarrabawa, ɗaya na rayuwa, kuma na rayuwar ne zai yi aiki ranar da ƙanensa ya kwanta. An ga sakamakon irin wannan a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jita, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Haka kuma a Agusta 2014, da cutar Ebola ta ɓulla a Legas, saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane da yawa, har da masu takardun digiri, suka tashi suka yi. Ƙa'ida a nan fuska biyu gare ta: malami ba ya zagin abin da kakar yaro ta gaya masa, ba ya kuma barinsa ya wuce ba a auna shi ba. Ɗalibi kuma a koya masa ya riƙa tambayar wa ya faɗa, kuma ta yaya ya sani.

Sai maganar sirri. Ba a kawo misali da sunan kowa a aji, ba a kuma tilasta wa ɗalibi ya faɗi ciwonsa ko na gidansu. Amma fa sirri yana da iyaka, kuma gara yara su san iyakar tun farko. In ɗalibi ya gaya wa malami cewa wani yana cin zarafinsa, ko yana nufin cutar da kansa, malami ba shi da ikon rufewa. Dole ya kai maganar ga shugaban makaranta da waɗanda alhakin kare yaron ya rataya a wuyansu. Malamin da ya yi alkawarin rufe kome, sa'an nan ya buɗe, ya ɓata amana. Wanda ya rufe irin wannan kuwa, laifinsa ya fi girma.

Bugu da ƙari, malamin kiwon lafiya ba likita ba ne. Ba ya duba ɗalibi ya sa wa ciwonsa suna, ba ya rubuta magani, iyakarsa ya tura shi asibiti. Ba ya kuma ƙara gishiri don ya tsoratar. Binciken da aka yi a 2018 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda, kuma a Mayu na 2018 ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ma'ana, a aji da yawa akwai yaran da suka ga mai shaye-shaye da idonsu. In malami ya ce duk wanda ya kurɓa sau ɗaya zai haukace, yaron da ya san maƙwabcinsa yana sha yana kuma zuwa kasuwa zai yar da maganar, ya haɗa da sauran gaskiyar da aka faɗa masa. Gaskiyar kuwa ta isa: jiki yana sabawa, adadin da ake bukata yana ƙaruwa, barinta yana wuya, kuma yawanta yana danne numfashi.

A filin motsa jiki ana bukatar kowa ya shiga, amma ba kowa a ma'auni ɗaya ba. Mai ciwon sikila, gajiya mai tsanani da ƙishirwa suna iya tayar masa da ciwo, don haka wajibi ne makaranta ta san shi, kada a kira shi rago. Haka mai asma, haka mai azumi a tsakiyar bazara. Ciwon sikila ma darasi ne da kansa: in mai jinin AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024, amma jin wannan lissafi a aji yana da shekara 15 ya fi wa mutum sauƙi da jinsa a asibiti bayan an kai lefe.

Game da maki, kuskure ne a dogara ga rubutu kaɗai. A sa ɗalibi ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 a gaban aji, ya ɗaure rauni, ya auna lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ya zuba sukari cokalin shayi shida a shafe da gishiri rabin cokali, a ba shi maki a kan abin da hannunsa ya yi.

Wannan kuwa ya kawo magana kan ma'aikatan gwamnati, domin akwai ƙa'idojin da ba ɗalibi ne zai cika su ba. Ba a iya umurtar yaro ya wanke hannu a makarantar da famfonta ya ƙafe, ba a kuma iya hana yarinya fashin kwanaki kowane wata in makarantar ba ta da makewayi mai ƙofa da buta da ruwa. Ɗakin kwanan da aka cusa ɗalibai fiye da kima, tagogi a rufe, shi ne irin wurin da sanƙarau ke so a lokacin zafi, kuma annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 ta kashe fiye da 11,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, ba ta yi nisan da za a manta da ita ba. Saboda haka sufeton da ya je duba makaranta, bayan ya sa hannu a littafin shirin darasi na malami, ya kamata ya zagaya baya ya ƙirga makewayi, ya gwada adadinsu da na ɗalibai, ya murɗa famfo da hannunsa, ya buɗe akwatin taimakon gaggawa ya karanta ranar lalacewar abin da ke ciki, ya rubuta duka a rahoton da zai kai ma'aikata.