Jawabi A Taron Ƙungiya: Abin Da Rediyo Ya Koya Wa Iyayenmu

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa 'yan kasuwa na nan Mubi, ina gaishe ku. An ce in yi magana a kan rediyo, to ga ɗan abin da ya samu.

Can Ingila aka kafa BBC a 1922. Tun farko ba labarai kaɗai suke sa wa ba. Sukan kawo masani ya yi bayani kan noma ko kiwon lafiya, su kuma ɗauko kiɗan taron makaɗa masu goge da ƙaho daga zauren wasa kai tsaye. A Janairun 1927 suka fara sharhin ƙwallon ƙafa ana cikin bugawa, wasan Arsenal da Sheffield United.

Mu nan Arewa, rediyon waya aka fara sani. Akwati ne ake maƙalawa a bango, a ja masa waya daga tasha, a riƙa biyan kuɗin haya. Kano ta samu nata a 1944. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris 1957, gidan Rediyon Kaduna kuwa a 1962, zamanin Sardauna, wato shekara guda bayan Mubi ta shigo Nijeriya. Da rediyo mai batir ya yawaita, sai na cikin dutse da na bakin iyaka duk suka zama masu sauraro.

Jama'a, abubuwa ukun nan duka sun zo mana da Hausa. Malamin gona ya koyar da sa taki da feshi, malamin asibiti ya yi bayanin rigakafi. Tafsirin azumi ya riƙa shigowa har ɗaki daga masallacin Sultan Bello. A gurbin makaɗan Turawa kuma muka samu Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. Wanda bai taɓa zuwa boko ba ya san duniya ta kunne.

To, ina muka kwana yau? Waya ta shiga hannun kowa, amma abin da ke cikinta babu mai tantancewa. Saƙon ƙarya ɗaya kan iya watsa kasuwar shanu, ko ya haɗa mu da maƙwabtanmu Gude da Fulani, alhali zaman amana muke yi.

Shawarata biyu ce. Na ɗaya, ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi fili a gidan rediyo, ko minti 15 ne a mako, a faɗi farashin hatsi da dabbobi, a gayyato likitan dabbobi da malamin gona, a yi da Hausa da Gude da Fulatanci. Na biyu, duk labarin da ya iso wayarka, kada ka tura sai ka ji shi daga majiya mai tushe. Ai an karantar da mu a Islamiyya cewa a binciki labari kafin a yi aiki da shi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Wassalamu alaikum.