Askin Fari da Kallon Katun

Yau za mu taɓa tambayoyi biyu da sukan taso a Zumuntar Mata da kuma cikin gidajenmu a nan Jos. Yaushe ya kamata a yi wa jariri askin fari? Ko ya dace 'yan mata ƙanana su riƙa kallon katun? Wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Ku dai biyo ni.

A wurin maƙwabtanmu Hausawa, wanzami yakan zo ran suna ya aske kan jariri. Mu kuwa a Filato, Berom ya auri Ngas, Tarok ya auri Mwaghavul, kowa ya zo da abin da ya tarar a gidansu. Sai kaka ta ce a aske gashin ciki domin ƙazanta ne, uwar ɗa ta ce a bari sai ya fara tafiya. Kafin ka ankara, suruka da matar ɗanta sun daina gaisawa a kan gashin da bai cika tafin hannu ba.

Littafi Mai Tsarki bai sa ranar aski ba. Luka sura 2 ta gaya mana an raɗa wa Yesu suna a rana ta takwas, ba ta ambaci aski ba. Hannatu ta yi wa'adi cewa aska ba za ta taɓa kan Sama'ila ba, domin ta ba da shi ga Allah. Amma a Littafin Ƙidaya sura 6, keɓaɓɓen da kwanakin wa'adinsa suka cika yakan aske kansa a ƙofar alfarwa. Manzo Bulus ma ya yi aski a Kankiriya saboda wa'adi. Wannan ya bari domin Ubangiji, wancan ya aske domin Ubangiji. Saboda haka, mama, wanda kika zaɓa ba zunubi ba ne, kada kuma ki hukunta 'yar'uwarki.

Inda haɗari yake shi ne tsoro. Akwai masu cewa in ba a aske ba yaron zai yi ta ciwo. Akwai masu ɗauke da yaro mai gashin dada daga wannan gidan addu'a zuwa wancan, wai ruhu ne a kansa. Akwai masu ƙunshe gashin su kai wa boka a ɓoye, ran Lahadi kuma su kawo yaron gaban fasto. Ku tuna da Samson. Ba gashi ya riƙe shi ba. Littafin Mahukunta sura 16 ya nuna ƙarfinsa ya tafi ne sa'ad da Ubangiji ya rabu da shi, gashin alamar alkawari ne kawai.

In za ku aske, ku sayi sabuwar reza, ku buɗe ta da hannunku. Aska ɗaya da ta bi kawuna da yawa tana iya kawo ciwon hanta ko ƙanjamau. A bi maɗiga a hankali. In lokacin hunturu ne, kun san sanyin Jos a Disamba da Janairu, a sa masa hula. Kada ku yarda a haɗa aski da cire beli, domin jariri yana iya zubar da jini har a rasa shi. Zancen wai aski yana sa gashi ya yi kauri kuma ba gaskiya ba ne. Gashin fari yakan zube da kansa, wani ya fito.

To, yarinyar nan ta kai shekara huɗu, ga ta da wayar mamanta a hannu. Jos ba baƙuwar allo ba ce. A nan gidan talabijin na Benuwai-Filato ya fara nuna hoto mai launi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970, a nan kuma aka fara gwajin talabijin na dijital a 2016. A dā sai an buɗe tasha da yamma yara su taru a gidan mai akwati. Yanzu YouTube ba ya rufe tasha, wannan na ƙarewa wancan na farawa.

Ba zan ce muku katun duka na Shaiɗan ba ne. Mu ma an yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da aljanu a ciki, ba mu zama matsafa ba. A cikin Frozen na 2013, ƙanwa ta ba da kanta domin ta ceci yayarta, wannan kuwa abu ne da uwa za ta iya ɗora maganar Yesu a kai. Amma kaka mai tatsuniya tana ganin fuskar jikarta, in ta ga tsoro sai ta sassauta. Waya ba ta gani.

Abin da ya fi damuna ya dawo da mu ga gashi. Tun daga Snow White na 1937 da Cinderella na 1950, gimbiyar da aka fi nuna wa 'ya'yanmu fara ce sol, siririya, mai gashi kamar siliki. A Tangled na 2010 ma, ikon yarinyar a cikin dogon gashinta yake. 'Yar shekara biyar ba za ta iya gardama da wannan ba. Sai ta dubi madubi, ta taɓa kitsonta, ta tambaya me ya sa nata ba ya kwanciya. In mama ta amsa da man sa gashi santsi, ta koya mata cewa Allah ya yi kuskure. Daga nan zuwa man bilicin ba nisa. Ai Yesu ya gaya mana a Luka sura 12 cewa Uba ya san yawan gashin kanmu. Wanda ya ƙidaya shi, shi ne ya murɗe shi haka.

Sai kuma harshe. Yarinya tana rera waƙar gimbiya da Turanci tsaf, amma ba ta iya gaida kakarta da Berom ko Irigwe ba. Masu fassara sun kwashe shekaru suna sa Maganar Allah cikin harsunanmu. Wa zai karanta?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Wannan na maza ne da mata duka. Baba, kai ma aikinka ne, ka fara kallon abin kafin ka miƙa wayar. Ku nemi Superbook mai labaran Littafi Mai Tsarki, ko Bino and Fino wanda Adamu Waziri ya shirya a Abuja, inda yaran baƙaƙe ne masu gashi irin namu. Ran Asabar kuma, mama, in kin sa kanta a cinyarki za ki yi mata kitso, ki ajiye wayar. Ki ba ta labarin Maryamu yayar Musa, yarinyar da ta tsaya gadin ƙanenta a bakin kogi har ta yi magana da 'yar Fir'auna, ki kuma ba ta shi da harshen da mahaifiyarki ta yi miki magana.