Amsoshin Wasiƙunku: Tsohuwar Fijo A Gindin Darbejiya, A Tashe Ta Ko A Sayar?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Funtuwa. Bayan gaisuwa, ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar masu a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, yau shekara tara ke nan tana ajiye a gindin darbejiya a ƙofar gida. 'Yan gwangwan sun taya ta, amma zuciyarsa ba ta son rabuwa da ita. Yana so ya tashe ta a gida, shi da wani ƙanensa da ya taɓa koyon kanikanci, don ta riƙa kai masa kaya kasuwa. Har yana tunanin sayar da shanun huɗarsa ya yi aikin. Shi ne yake neman shawara.

To Malam, mun gode da wasiƙa. Allah ya jiƙan tsoho. Amsa a taƙaice ita ce: Fijo tana tasuwa, amma ba kowace ba, kuma aikin yana da tsari. Wanda ya fara da abin da ya kamata ya ƙare da shi, kuɗinsa ne za su ƙare, mota tana nan inda take.

Da farko ka san abin da ke hannunka. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ita kuwa a-kori-kurarta ta fito a 1979. A nan gida, masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta soma harhaɗa motoci a 1975, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da Faransa ta daɗe da dainawa. Wannan ne ya sa har gobe akwai bakaniken da zai kwance injinta ido rufe, kuma ana samun kayanta a wurare irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Ba ta da kwamfuta a ciki kamar motocin yau. Kafireta ce da filogi da kwantak, abubuwan da ake gyarawa da sifana da sukundireba.

Amma kafin ka taɓa sifana, akwai maganar da ba ta ƙarfe ba. Ka ce mahaifinku ya bar maku. Ke nan motar nan gado ce. A zauna da sauran magada, maza da mata, a yi mata kuɗi yadda take a yanzu, a gaban shaidu, a rubuta. In kai za ka riƙe ta, ka biya kowa rabonsa ko a cire a naka. Yau da take kwance babu mai kallonta, amma ranar da ta fito da sabon fenti tana ɗauko buhu, kowa zai tuna motar babansa ce. Sa'an nan ka nemo takardunta, ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce. Motar da takardunta suka yi gabas lambarta ta yi yamma, wahala ce a hanya.

Abu na biyu, tsatsa. Inji ana sakewa, giya ana sakewa, amma in ƙashin mota ya ruɓe, magana ta ƙare. Ka share ganye da ƙasar da suka taru, ka ɗauki ƙaramar guduma da sukundireba, ka bi ƙarƙashinta kana ƙwanƙwasawa. Ka duba daɓen da direba ke taka ƙafa, da ƙasan ƙofofi, da mazaunin batir, da inda shokozoba na gaba ke kamawa, da inda sifirin na baya ke manne da shasi. Motar da ta yi dakon takin zamani ko gishiri, a duba bayanta sosai, don waɗannan biyu cin ƙarfe suke yi. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji luƙus, wani lokaci sukundireba ta zarce. Ka kuma bi jikinta da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da ƙullin fanalbita ne. Ramin daɓe ko na ƙofa, mai walda zai toshe. Amma idan shasin ne ya ruɓe ko ya karkace, shawarata ka haƙura, ka sayar da ita kaya-kaya, ka fi samun kuɗi a kan sayarwa a kilo.

In ta tsallake wannan, sai inji. Don Allah kada ku aro batir ku ce bari mu ji ko za ta tashi. Injin da ya shekara tara a tsaye ya bushe, murza shi da ƙarfi na iya karya ringi. Ku cire filogi huɗun nan, ku zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, ku bar shi kwana biyu ko uku, kana ku sa sifana a kan fulin gaba ku juya da hannu a hankali. In ya juya, alhamdu lillahi. Ku zubar da tsohon baƙin mai ku dube shi. In ya yi fari-fari kamar an dama fura, ruwa ya shiga, wato gaskit ya ƙone ko wani wuri yana yoyo. Wani abin daɗi game da injin fetur na 504 shi ne, ramukan da fistin ke gudu a ciki zare su ake yi, makanikai na ce masu silib. Ana sayo su tare da fistin da ringi a sa sababbi. Tsohon fetur kuma ya zama danƙo, sai an sauke tanki an wanke, an kwance kafireta an wanke. A leƙa salansa da gidan iska, don zanzaro kan yi gini a ciki, ɓeraye kuma kan ci wayoyi. Aikin waya a kira rewaya, kada a yi ƙulle-ƙulle, nan wuta ke tashi.

Inji ya tashi, kowa zai yi murna, yara su yi ta ihu. To kada murna ta sa a fita titi. Motar da ba ta tashi ba asarar kuɗi ce, wadda ba ta tsayawa asarar rai ce. Man birki yana shan ruwa in ya daɗe, robobi kuma suna tsagewa. A zubar da man duka, a sake robobin birki da tiyo-tiyonsu, a duba sitiyari ko yana da lilo. Tayoyi kuwa, kada zanensu ya ruɗe ka. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Alal misali 2314 na nufin mako na 23 a shekarar 2014. In lambobi uku ka gani, an yi ta tun kafin 2000. Tayar da ta kai shekara 10, ko masu ƙera ta cewa suke a cire, balle a zafin rana irin namu da buhu a kai.

Tun da a gida za ku yi aikin, ga abubuwa huɗu da ba a wasa da su. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, a tokare ta da kututture mai ƙwari a kan ƙasa mai tauri. Kada a yi walda tanki yana jiki, kuma tankin da babu mai a ciki ya fi mai cike saurin fashewa saboda tururi. Kada a bar inji yana aiki a cikin zaure ko rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Ƙurar tsohon birki kuma kada a hura ta da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, don wasu tsofaffin na ɗauke da abin da ke lalata huhu. Bayan haka, duk abin da za ku kwance ku ɗauki hotonsa da waya tukuna, notuna kuma a zuba a gwangwani a rubuta na ina ne.

Fenti da kujeru da rubutun bayan mota su ne na ƙarshe. Da yawa daga nan suke farawa, sai ka ga mota tana ƙyalli a ƙofar gida, kaji na ƙwai a cikinta.

Saura maganar shanu. Malam, kada ka sayar da shanun huɗa. Su ne ke noma hatsin da motar za ta ɗauka. Ka sami bakanike tsohon hannu wanda ya san Fijo, ka biya shi ladan dubawa, ya rubuta maka abin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya. Ka kai takardar kasuwa ka ji farashi da kunnenka, ka ƙara wani abu a kai, don in an buɗe inji ba a rasa abin da ba a zata ba. Ka sa kuɗin lasin da inshora da takardar lafiyar mota a lissafi. Wajen saye ka kula, jabu ya yi yawa, sau da yawa tsohon kaya na asali ya fi sabo mai araha. Ka tuna kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafin sufuri ya canza, tsohuwar mota mai kafireta kuwa ba ta da tsimin mai kamar na zamani. Ka auna: sau nawa za ta je kasuwa a mako, nawa kake biya yanzu a kan kowane buhu, kuma maƙwabta za su ba ka dako? In lissafi ya fita, ka yi aikin kashi-kashi da rarar amfanin gona, bana shasi da inji, in hali ya yi birki da taya, fenti ko baɗi. Sannu ba ta hana zuwa. Motar da ta jira shekara tara za ta iya jiran kaka ɗaya.

In kuwa lissafi bai fita ba amma kana son ta don tunawa da tsoho, wannan ma ba laifi ba ne, muddin ka san abin marmari kake yi, kuma da kuɗin da ba za su taɓa abincin iyali ba. Ka ɗauke ta daga gindin bishiya, ka yi mata rumfa, ka ɗaga ta daga ƙasa kafin ka shirya.

Malam, da fatan ka gamsu. Ka rubuto mana abin da guduma ta gaya maka. Sauran masu sauraro da suka taɓa tashin tsohuwar mota, Fijo ce ko Land Rover, muna jiran wasiƙunku don wasu su ƙaru. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.